Taken Maharbin da Ba Mu Ji Ba

Yanzu yaro zai tare ni ya ce, "Baba, me zan karanta a kan kiɗa, ko shaye-shayen mutane, ko daji?" In lissafa masa littattafai har ya gaji. A zamanin da layin dogo bai daɗe da isowa Zariya ba, uku kaɗai na sani a duk Tudun Wada, suna cikin adakar wani abokina Kirista, malamin makarantar mishan. Ɗaya kan kiɗan Turawa, ɗaya kan gidajen giyarsu, ɗaya kan tsuntsayensu. Har yau ina cewa a nemi irinsu a karanta, don masu su sun zauna sun duba da idonsu kafin su rubuta. Amma ni sun hana ni sukuni. Na je Kumasi, na je Khartum, na ji Larabci da Faransanci da Turanci, ban taɓa ganin shafi ɗaya a kan namu ba.

Abokina ya ce mu rubuta. Ya ji labarin wani tsoho mai komo, babbar garayar nan ta maharba, da ke kiɗa a gidan burukutu can wajen rafi. An ce yana da taken wani maharbi, taken da ya jero itatuwa da tsuntsayen dajin da aka sare aka shimfiɗa dogo. Taken nan muke so.

Da la'asar muka je. Ni ba na sha, na tsaya bakin zana ina waige-waige.

Mai gidan ta ce, "Malam, shigo mana, ƙwaryar ba ta cizo."

Aka kwashe da dariya. Tsohon ya yi mana kiɗa iri-iri, da muka roƙi na maharbin sai ya kife komon a cinya.

"Mai shi ya rasu. Wa zai miƙe in na kaɗa? Kai?"

Abokina ya ce, "Baba, rubutawa kawai za mu yi."

"Takarda tana miƙewa ne? Ku kawo min jininsa ya tsaya a gabana, sai ku ji."

A Kumasi na ga an kaɗa wa matattu ganga, a Khartum duk wanda ya roƙi waƙa ana yi masa. A nan kuwa take na mai shi ne, ba a taɓa shi sai shi ko ɗansa yana wurin.

Muka bincika, aka ce maharbin ya bar ɗa, yana aikin kuza a Bukuru. Na kasa zama, na hau jirgi. Na bi ramuka ina tambaya, aka ce ya koma Kafancan. Can na same shi, na lallashe shi, ya ce sai bayan damina. Na dawo ina ta duban sama.

Ya cika alkawari, ya zo. Muka je gidan burukutun, muka tarar da garmaho a tsakar gidan, samari sun kewaye shi, faifai yana juyawa. Mai gidan ta ce tun da ta sayo shi aka daina sauraren tsohon, ya rataya komonsa ya tafi ƙauyensu, ba ta ma tambayi sunan ƙauyen ba.

Ɗan maharbin ya ce shi ma farkon taken kawai yake tunawa.

Littafinmu bai rubutu ba. Daga shekarar nan gidajen burukutun Tudun Wada suka koma faifai, ba a sake zaunar da mai komo ba.