Dashen Mangwaro a Gonar Aro

Jiƙar da na gani a gindin dashen ce ta fara faɗar min da gaba. Tsakiyar bazara ake, ƙasa ta bushe ƙamas, sama ko yayyafi ba ta yi ba, amma ga wasu 'yan dashen mangwaro a jere cikin gonar mahaifina, kowanne an kewaye shi da ƙaya saboda awaki, kowanne gindinsa sharkaf. Wato akwai mai ɗauko ruwa takanas yana ba su. A lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina koyon ɗinki, ina kuma taya Innarmu sana'ar daddawa a ƙauyenmu da ke ƙasar Fammar. Ni ce babba, sai ƙannena maza biyu da ba su tasa ba. Babanmu ya rasu bayan doguwar jinya. Ran nan da gora na je zan kaɗo mana ɗorawa, ina ɗaga kai na ga ita ma an riga ni, an kaɗe ta tas.

Wanda bai yi zaman ƙauye ba zai ce mene ne abin tsoro a mangwaro. Gonar nan aro Baba ya bayar da ita ga wani amininsa da gonarsa ke jikin tamu, tun ina ƙarama. A wajenmu mai aro abin da zai girbe a shekara yake shukawa, dawa ko gero ko gyaɗa. Ba ya dasa itace, ba ya taɓa 'ya'yan itatuwan da ya tarar, kuma duk kaka yana kai wa mai gona dami guda, ba don ladan haya ba, don dai a san mai ita yana nan. Wanda ya dasa itace kuwa ya gaya wa duniya ƙasar tasa ce. A tsaye a wurin na tuna cewa damin nan ya daina zuwa gidanmu tun shekarar da ciwon Baba ya tsananta. Mun lura, amma mutumin kullum yana zuwa dubiya, yana ce min 'yata, ni ma Baba nake ce masa. Inna ta ce da wane bakin za ka tambayi dami wajen wanda ya zo duba maka mara lafiya. Haka muka ja bakinmu muka yi shiru, shekara ta bi shekara.

Da na koma gida na faɗa wa Inna, sai ta ce in rufa mata asiri in rage murya, maganar ƙasa ba ta mata ba ce, in je in gaya wa Baffa, ƙanin Babanmu. Na same shi a zaure yana saka wa fartanya ƙota. Har na gama bayani bai ɗago ba. Ya ce shi ya sa ake gudun boko, wai ko akuya ta yi tari sai na kawo rahoto. Ya ce in je, zai yi wa mutumin magana. Ina hanya wani abu ya tsaya min a rai. Baffa bai tambaye ni ta wane gefe aka yi dashen ba, bai tambayi ko suna da yawa ba, bai ko yi salati ba. Wanda ya ji sabon labari ba haka yake yi ba.

Daga nan idona ya buɗe, ko in ce zargi ya shige ni, don har yau ban iya raba su ba. Ranar kasuwar Rano na hango Baffa a bayan babur ɗin mai aron suna dawowa suna dariya. Ba a jima ba na ga buhun taki a jingine a zauren Baffa, mutumin da duk shekara sai ya yi kukan taki ya fi ƙarfinsa. Matar mai aron, wadda rabonta da gidanmu tun zaman makoki, ta fara aiko mana da kwanon abinci. Inna ta ce alheri ne, ni kuwa na kasa ci. Duk lokacin da na tuntuɓi Baffa sai ya ce ana nan ana magana, in bar gaggawa. Da ruwa ya sauka na sake leƙa gonar, na tarar an tumɓuke ciyawar gambar da ta raba iyakar gonarmu da tasa, an yi huɗa ta taso daga gonarsa ta ratsa har ƙarshen tamu, kamar dama can gona ɗaya ce.

A nan na yi wautar da ta kusa kai ni gidan yari. Washegari da hantsi na koma ni kaɗai, na janye ƙayar, na tumɓuke dashen nan ɗaya bayan ɗaya, na tara su a inda gambar take a da. Ban ɓuya ba, mata masu zuwa rijiya suna kallona, wata ma ta ce min ke 'yar nan kin san abin da kike yi kuwa. A raina gani nake gonar ubana ce, wa zai ce min don me. Kafin la'asar 'yan sanda suka yi sallama a ƙofar gidanmu. Unguwa ta fito, Inna ta biyo mu ba ko takalmi. A ofishinsu aka zaunar da ni a bayan kanta, aka ce ana tuhumata da shiga gonar wani ba izini da kuma ɓarna. Gonar wani. Wannan kalmar ta fi zaman bayan kantar yi min ciwo. Baffa ne ya zo belina, amma ta taga na gan shi tsaye da mai aron a gindin darbejiya, kai a haɗe, kafin ya shigo yana yi min faɗa a gaban kowa.

Aka kai maganar kotu a Rano. Ban taɓa shiga kotu ba sai ranar. Muna jira a baranda, wata mata da ke gefena ta tambaye ni me ya kawo ni, da na faɗa mata sai ta riƙe haɓa ta ce ai ɓarnar gona ba wasa ba ce, ta san wanda ya yi watanni a tsare a kanta. Tana rufe baki aka fito da wasu mutane aka sa su a mota, matar ɗaya daga cikinsu tana bin motar tana kuka. Sai aka kira ni. Na ce na tumɓuke, amma gonar tamu ce. Alƙali ya ce to ba zai iya cewa na shiga gonar wani ba sai ya san gonar ta wace ce. Ya ce magada su shigar da ƙararsu a kan gonar, tuhumata kuma ta jira, in ci gaba da zama a hannun mai belina. Na gane ke nan in gonar ta tafi, ni ma na tafi.

Bayan kwana biyu Baffa ya zo gida da abin da ya kira sulhu. Wai ya sha wahala ya shawo kan mutumin, ya yarda a raba gonar biyu, ya ɗauki rabi, ya janye ƙarar da ya kai ni. Ya dubi Inna ya ce ta yi tunani, wa zai auri yarinyar da ta kwana a gidan yari, kuma in aka tsare ni kada a zo masa da kuka. Inna ta fashe da kuka tun a lokacin, ta ce a ba shi, ƙasa ba ta fi mata ni ba. Wallahi saura kaɗan in ce to. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba. Abin da ya riƙe ni tambaya ɗaya ce da ta ƙi barin kaina: in da gaske gonar tasa ce, me zai sa ya yarda da rabi? Na faɗe ta a fili, a gaban Baffa, kaina a ƙasa. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce tunda na fi kowa sani, ba ruwansa. Inna ta ce taurin kan nan na ubana ne na ɗauko, amma ba ta ƙara maganar rabi ba.

Zaman da ya biyo baya ban san yadda zan kwatanta shi ba. A je kotu a ɗage, a koma a ɗage. Na daina zuwa ɗinki saboda ina shiga ake yin shiru. Na rame har zanina ya daina zama. In na ji babur ya tsaya a ƙofar gida sai in ce Baffa ya janye belinsa an zo tafiya da ni. Kowa ya gaishe ni sai in yi ta juya gaisuwar, ko leƙen asiri aka aiko shi. Har ƙawata da muka yi makaranta tare na daina yi wa magana, don kawai na ga ta shiga gidan mai aron ɗibar wuta. Ta yi ta aiko min da saƙo ban amsa ba. Wannan yana cikin abin da nake nadama.

Ranar da aka saurari maganar gonar, mai aron ya tashi cikin farar riga ya ce shi bai musa ba, asalin gonar ta Babanmu ce, gado ya ci, amma ya sayar masa da ita lokacin jinya. Alƙali ya ce tunda da bakinsa ya amsa asalinta na mamacin ne, shi ne zai kawo shaidun ciniki, don daɗewa ana noma gona ba ya mai da aro ya zama mallaka. Shaidan farko ya ce shekara da shekaru yana ganinsa a gonar. Aka tambaye shi ko yana wurin da aka yi cinikin, ya ce a'a, ji ya yi. Aka ce a bakin wa, ya nuna mai aron. Mutane suka yi dariya har sai da aka tsawatar. Ni ban yi ba, domin a daidai lokacin mai aron ya ce shaidansa na biyu ƙanin mamacin ne.

Duk abin da nake zargi ga shi ya tashi tsaye yana gyara hula. Inna ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Alƙali ya dubi Baffa ya ce ya ji tsoron Allah, dukiyar marayu ce a gabansa, kuma shi da mamacin nono ɗaya suka sha. Aka tambayi Baffa abin da ya sani game da cinikin, har sai da aka maimaita masa tambayar. Sannan ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, shi aro ya sani, a gabansa aka bayar, maganar ciniki kuwa bai san ta ba. Mai aron ya zabura ya ce ai ba haka suka yi da shi ba. Alƙali ya ajiye alƙalaminsa ya tambaye shi, to yaya suka yi. Ya koma ya zauna. Aka sa Inna ta yi alwala ta rantse ba ta san mijinta ya sayar da gonar ba, ta rantse.

Har yau ban sani ba ko Baffa ya je ne da niyyar sayar da mu tsoron Allah ya kama shi a tsaye, ko kuwa tun farko jan mutumin yake yi. Bai taɓa faɗa ba, ni ma ba ni da bakin tambaya. Muna gaisawa, ina durƙusa masa, amma in ya shigo gidanmu sai na ji ina bin hannunsa da ido. Abin da nake so masu karatu su ɗauka shi ne, kunya ce ta fara cutar mu. Da tun kakar farko da dami bai zo ba Inna ta aika an tambaya, ko cikin wasa ne, da ba a kai ga dashe ba. In kun ba da aron gona, ku bayar a gaban mutane ba ɗaya ba, mai unguwa ya sani, kuma in mai gida ya kwanta ciwo kada ku ɗauke ido. 'Yan'uwana mata kuma, duk yadda gaskiyarki ta kai, kada ki sa hannunki. Ni na je da gaskiyata na miƙa wa mutum igiyar da zai ɗaure ni, saura ƙiris gadon ƙannena ya tafi wajen kwance ta.

An dawo daga sallar azahar alƙali ya yanke hukunci. Ya ce gona ta magada ce, mai aro ya girbe abin da ya shuka bana ya fita, a mai da gamba inda take. Sannan ya kira sunana. Na tashi ina dafe da benci. Ya yi min faɗa sosai, ya ce ba a karɓar haƙƙi da hannu, da kowa zai yi irin nawa da ba a gina kotu ba, kuma sai mun biya mutumin dashensa. Ya ƙara wasu maganganu da ban fahimta ba, kunnena sai ƙara yake. Aka kira wata shari'ar, ni ina nan tsaye ina jiran a zo a kai ni mota. Sai wata 'yar sanda da ke bakin ƙofa ta matso ta taɓa kafaɗata, ta ce ke me kike jira, ai an sallame ki, ki ja uwarki ku tafi gida. Na ce mata yaushe zan dawo. Ta ce ba za ki dawo ba. A nan ƙofar kotun na zauna daɓas a ƙasa, Inna tana ce min in tashi mutane na kallo.