Ranar da Auta Ta Musa wa Malami

Auta, 'yar mai walda, tun tana firamare ba a taɓa kai ƙararta gida ba. A gidansu in babba na magana ƙasa ake kallo, in ya gama a ce to. Da wannan ladabi ta yi ta cinye jarrabawa, har jami'arsu ta zaɓe ta cikin ɗaliban musaya, ta je wata ƙasa ta yi zango guda. Ranar tafiyarta babanta ya rufe shago, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba.

Ajin da ta tarar a can, kai, wai shi ma aji ne! Dogon tebur, malami zaune cikin ɗalibai da kofin shayinsa, yana magana ana katse shi. Wani har da ɗora ƙafa kan ƙafa yake ce masa bai yarda ba. Auta ta ce a ranta, waɗannan ba su da manya a gida ne? Ita kam ta duƙufa tana rubutu, tana jin ta fi kowa tarbiyya.

Da zango ya yi rabi, malamin ya kira ta ofis. Dattijo ne mai furfura, sa'an babanta.

"Rubutunki ya fi na kowa," ya ce, "amma rabin makin ajin nan na muhawara ne, ke kuwa ban taɓa jin muryarki ba. In aka ƙare a haka, kin faɗi."

Faɗuwa kuwa ita ce ta koma gida ta maimaita shekara, ita da unguwa guda ta raka tasha. "To, Malam," kawai ta ce. A ɗakinta ta yi kuka mai isarta, don abin ya yi mata ciwo. Ladabin da ake yabonta da shi, shi zai kayar da ita.

A zama na gaba malamin ya ce yaron da ya tashi a gida mai yawan jama'a ba ya samun natsuwar karatu. Kowa na gyaɗa kai. Ban da Auta. Ita da ta yi karatu a benci bakin shago, inji na ƙara, yayarta na wanke-wanke tana jefo mata tambaya, yayanta na duba mata lissafi da hannu duk baƙin mai?

Ta miƙe tsaye, a ajin da ba a miƙewa.

"Malam, ka yi haƙuri, amma ban yarda ba."

Tana tsaye ta ba malamin labarin yadda ta yi karatu a gidansu. Ya ce gidansu ɗaya ne cikin dubu. Ta ce binciken da ya ba su karantawa makin jarrabawa kawai ya auna, bai shiga gida ko ɗaya ya ga mai taimakon yaron ba. Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido. Suka yi ta fafatawa har lokaci ya ƙare, 'yan ajin na juya kai kamar masu kallon ƙwallo.

Da aka watse, kunya ta rufe ta. Ta jira shi bakin ƙofa ta ɗan rusuna.

"Malam, ka yafe mini."

"In yafe me?" ya ce yana dariya. "Ai yau kika fara zuwa ajina. Mako mai zuwa ke za ki buɗe mana sabon batu."

Auta ta gyara jaka a kafaɗa.

"Malam, ai na yau ba mu gama ba."