Kwalbar Inna Mai Makulli

Shekara goma sha ɗaya Inna ta yi tana share makarantarmu, kuma tun da aka haƙa mana rijiya aka damƙa mata makullin murfinta. Daga nan yara suka laƙaba mata Inna Mai Makulli. Ni ne akawu, rajistar zuwan ɗalibai a hannuna take. Kafin rijiyar, kududdufin bayan katanga yara ke sha, kuma da damina akan yi ranar da zan rubuta arba'in ba su zo ba, yawanci ciwon ciki. Jikar Inna 'yar aji biyu tana cikin waɗanda sunansu ya fita daga rajista a wata damina, bai koma ba, ciwon ya yi ajalinta. Bayan rijiyar adadin ya sauko zuwa biyar ko shida.

Inna ba ta karatu, amma tana da tata rajistar. Kullum da safe takan cika wata farar kwalba da gugan farko, ta shinshina, ta ajiye a tagar ofishina. Sai ta gama shara ta dawo ta ɗaga ta a rana, sannan ta buɗe wa yara.

"Akawu, kai da biro, ni da hanci," takan ce. "Mu ga wanda zai riga gane ƙarya."

Ranar Talatar da 'yan aji shida za su fara jarrabawar fita, kwana biyar bayan wani ruwan sama mai ƙarfi, na ga ta daɗe da kwalbar a hannu. Ta mayar da kwaɗo ta kulle murfin, ta ɗaure makullin a haɓar zaninta.

Hedimasta ya iso da sauri, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Inna, lafiya? Yara ɗari uku, ga zafi, ga mai sa ido daga birni yana hanya. Buɗe."

"Malam, ruwan nan ya canja. Shinshina ka ji."

Ya shinshina. "Ni ban ji komai ba."

"Mura kake yi, ɗana. Ni na ji."

"Yau kika zama likita? Da tsintsiya aka ɗauke ki aiki!"

"Da tsintsiya, ƙwarai. Amma makulli kai ka ba ni da hannunka."

Ya juyo gare ni. "Akawu, rubuta mata takardar sallama. In ta kai ƙarfe goma ba ta buɗe ba, na sa hannu, maigadi ya fasa kwaɗon."

Na zauna na rubuta, don aikina ke nan. Inna ko kallona ba ta yi ba. Ta jawo manyan tukwane biyu daga ɗakin girki, ta hura wuta a gindin bishiya, ta buɗe rijiyar ta ja guga shida, ta sake kullewa. Tafasawa za ta yi. Sai dai tukunyar da ta ci guga uku ba ta tafasa da wuri, in ta tafasa kuma ba ta shayuwa.

Tara da rabi aka kaɗa ƙararrawar fita hutu. Yara suka yi cincirindo a bakin rijiya da kofunansu. Da suka ga kwaɗo, manyan cikinsu suka nufi ƙofar baya, hanyar kududdufi. Abin da Inna ba ta lissafa ba ke nan. Ta bar wuta ta ruga, tana ɗingishi, ta tare ƙofar da jikinta.

"Wanda zai wuce sai ya taka ni!"

"Inna, ƙishi muke ji!"

"Na sani, 'ya'yana. Ku ba ni rabin awa."

Wata 'yar aji ɗaya ta fashe da kuka. Maigadi ya fito da guduma, ya tsaya yana kallon hedimasta, hedimasta yana kallon agogo.

Ina neman fayil ɗin da zan saka takardar, hannuna ya faɗa kan rajista. Na buɗe. Alhamis shida. Juma'a tara. Litinin goma sha huɗu. Yau goma sha tara, bakwai daga cikinsu 'yan aji shida. A gefen kusan kowane suna, da rubutuna, "ciki". Kullum ina rubutawa ina ja layi da rula, ban taɓa haɗa ranakun na duba ba.

Na fita da littafin a buɗe. "Ranka ya daɗe, duba nan kafin ka sa hannu."

Ya bi layin da yatsa har ƙasa, ya sake komawa sama. Saura minti huɗu goma ta cika.

"Ajiye gudumar," ya ce wa maigadi. "Ɗauko tocila."

Inna ta kwance makullin da kanta. Da aka haska, ga tsaga a jikin siminti, tsawon hannu, ta ɓangaren da ke kallon bayan gidan ɗalibai, baƙin ruwa yana tsattsafowa. Hedimasta ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya ɗauki bokiti, ya shiga sheƙa tafasasshen ruwa daga wannan zuwa wancan don ya huce. Goma da kwata yara suka sha, da ɗuminsa, suna ɓata fuska.

Kwana goma sha tara rijiyar ta yi a rufe kafin a gama gyaran tsagar, Inna tana dafa tukunya shida kullum. Daga cikin bakwai ɗin nan, huɗu sun samu rubuta sauran jarrabawar, uku sai da suka maimaita shekara.

Takardar sallamar tana nan a fayil, babu sa hannu. Na ce mata zan yaga.

"Bar ta, Akawu," ta ce, tana ajiye kwalbar a taga. "Kai dai ka riƙa karanta abin da kake rubutawa."