Tetsuo da Kejin Yara

Tare muka tashi da Kuwabara Tetsuo a Amagasaki, garin masana'antu. A sakandare babu wanda ya kai shi iya dukan ƙwallon besbol, wadda ake duka da kulki, har wani kamfanin ƙarfe ya ɗauke shi ya buga wa ƙungiyarsu. Bai daɗe ba kamfanin ya rushe ƙungiyar, aka mayar da shi tuƙa motar ɗaga kaya a sito. A nan ya yi furfura.

Ranar Lahadi ce kawai tasa. A bayan tashar jirgin ƙasa wata tsohuwa, Fumie, tana da wurin gwada duka: keji na raga a jere, kowanne da injin harbo ƙwallo, daga mai tsananin gudu har zuwa na yara a can ƙarshe. Na farkon Tetsuo yake shiga, ni kuwa in zauna a benci da kwanon taliyata ina yi masa tsiya.

Sai ciwon suga ya fara cin idonsa. Da ya fara kuskure ƙwallo, sai ya ce injin ne ya lalace. Fumie ta ba shi shawara ya koma na tsakiya, ya yi fushi ya ɗauke ƙafa, daga baya ya dawo ya shiga ba tare da ya dubi kowa ba. Kafin shekara ta zagayo, a nan ma iska yake duka.

Ranar da ƙwallo ta fasa masa leɓe na ce, "Tetsu, shiga na ƙarshen nan mana. Babu kowa yau."

Ya daɗe a tsaye riƙe da kulkinsa, sannan ya lalubi ƙofar ragar ya shiga. Injin yana jefowa a hankali, shi kuma yana kai duka bayan ƙwallon ta wuce. Da ya fito ya tambaye ni ko ya kusa samun ko ɗaya. Na buɗe baki zan yi masa ƙarya, ya ce, "Bari kawai, tsohon banza. Na ji su suna faɗawa raga."

Likita ya ce idon ba zai dawo ba. Da sanyi ya shigo, ɗansa ya zo ya tafi da shi Nagoya, wani ɗaki a saman bene inda ba ya iya saukowa sai an riƙe shi. Nakan kira shi a waya wani lokaci. Yakan tambayi ƙafata da ke ciwo, ya ce abincin can gishiri ya yi masa yawa, sai ya ce ya gaji.