Igiyar Awon Gada

Na daɗe ina kai-kawo a raina kafin in rubuta wannan. Sau biyu ina farawa ina gogewa, don tsoron kada in ƙara wa labarin abin da ba a yi ba. Idan na yi kuskure, Allah ya yafe mini.

Shekarun baya, kafin in dawo Nyanya, ina da 'yar tireda a Yangoji, cikin yankin Kwali. A nan na yi aboki, wani dattijo maharbi ɗan asalin garin, wanda nake kira Baba. Shi ba Musulmi ba ne, amma yawancin masu sayen namansa Musulmi ne. Saboda haka duk lokacin da tarkonsa ya kama gada, sai ya ɗauro ta da ranta ya kawo mini in yanka. Mutane sun san ni da yawan bincike, idan aka ce ni na yanka, babu mai sake tambaya.

Da kaka muka fara wannan hulɗa. Gadar lokacin tuɓul-tuɓul take, gashinta har sheƙi yake yi. Da bazara ta zo, rannan ya kawo wata. Ina ɗora hannu a kanta na ji haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, cinyar duk ta zube. Na ce, "Baba, wannan ai ciwo gare ta. Ba zan yanka ba."

Ya ce, "Malam, yunwa ne, ba ciwo ba."

Ban saurare shi ba. Ni mutum ne da ke komawa sau uku ya duba ko ya kulle shago. Na yini ina tunanin wani zai ci ya kwanta, alhakin yana wuyana. Bayan la'asar na faɗa wa mutane a ƙofar masallaci cewa wata cuta ta shiga daji, kowa ya yi hankali. Ban ambaci Baba ba, amma maharbi nawa ne a garin? Kafin mako ya zagayo, ko zomo ya kawo babu mai taya shi. Har aka fara cewa dama can mushe yake sayar wa mutane.

Wata safiya sai ga shi da wata gadar, da tsohuwar igiya a wuyansa. Bai zauna ba. Ya ce, "Malam, shekara arba'in ina shiga daji, kai kwana ɗaya ka kashe sunana. Zo ka gani da idonka."

Igiyar ta mahaifinsa ce, da ƙulli uku a jikinta. Ya zagaya ta a ƙirjin gadar, daidai bayan ƙafafun gaba, sai bakinta ya tsaya cif a kan ƙulli na tsakiya. Ya ce wannan ƙullin bazara ne. An ƙone daji, 'ya'yan itace sun ƙare, ganye ya bushe, me za ta ci? Na nesa kuwa na kaka ne, lokacin da take shiga gonakin wake tana ƙoshi. Na yanka, ya feɗe a gabana. Hanta lafiya lau, huhu garau, ƙodar ce kawai tsirara babu kitse ko kaɗan. Ya ce, "Da kaka, wannan ƙoda ba za ka gan shi ba, kitse ya rufe."

Wani da tuni ya yarda. Ni kuwa na ce sai na ga kakar tukuna. Ya yi dariya ya ce, "Bahaushe, kai ko ruwa ne sai ka tauna." Watanni na bar mutumin nan cikin zargi saboda waswasina. Da aka fara roron wake ya kawo wata, ya miƙo mini igiyar. Na auna da hannuna, ta kai ƙulli na nesa. Na sake aunawa har sau uku. Da aka feɗe, sai da muka tona kitse kafin mu ga ƙodar.

A ranar na tsaya a ƙofar masallaci, inda na tsaya da farko, na ce ni na yi kuskure, na kuma nemi gafararsa a gaban jama'a. Ya zagaya igiyar a cikina ya ce, "Wannan kam kullum kaka ne." Aka yi ta dariya, kasuwarsa ta dawo.

Da zan bar garin ya ba ni igiyar, don 'ya'yansa ba su gaji farauta ba. Daga baya na ji ya rasu. Ina kewar safiyoyin nan, ya iso da raɓa a ƙafa yana tsokanata. Abin da ke damuna har yau shi ne, wataƙila akwai wanda ya ji maganata ta farko bai ji ta biyu ba. Idan kana cikinsu, naman Baba lafiyayye ne, ni ne ban san daji ba.

Sai kuma ƙulli na uku, mafi gajarta, wanda ban taɓa tambayarsa ba. Idan akwai maharbi ko ɗan yankin Kwali a cikinku, don Allah ya faɗa mini na wane lokaci ne, da kuma ko har yanzu gada na shiga gonakin waken nan.