Baba Maigandi, mai zana kappa a murfin hazzan

Da an idar da sallar asuba, Baba Maigandi yakan loda tsaninsa da bokitai da injin tsotse ruwa a bayan tsohuwar motarsa, ya bi layukan unguwarmu ta Ƙurban. Aikinsa wanke hazzan, ramin simintin nan da muke tara ruwa a ƙarƙashin gidajenmu na Madina. Shekara talatin da huɗu yana sauka cikin waɗannan ramuka, kuma ba a raba shi da gwangwanin koren fenti.

Mutumin Maiwurno ne ta ƙasar Sudan. Yana saurayi ya yi leburanci a wata ma'aikatar tace ruwan teku a Yanbu, ƙarƙashin wani dattijon injiniya ɗan Japan mai suna Kuroda. Dattijon yana da littafin zane-zanen ƙasarsu, irin waɗanda ake sassaƙawa a katako a buga a takarda, yakan buɗe wa leburori lokacin hutun rana. A ciki Maigandi ya ga ƙatuwar tarwaɗar da suke cewa in ta motsa ƙasa sai ta girgiza, da baƙin dodo mai sanƙo da ke tasowa daga teku ya kifar da jirgi. Amma wani dodon ruwa da suke kira kappa ne ya zauna masa a rai: tsayinsa na yaro, ƙoƙon kunkuru a bayansa, fata tsakanin yatsunsa kamar ƙafar agwagwa, ga ɗan faranti cike da ruwa a tsakar kansa. Jan yara yake yi cikin kogi. Sai dai akwai shi da ladabi. In ka rusuna masa, shi ma zai rusuna, ruwan kansa ya zube, ƙarfinsa ya ƙare. Kuroda ya ce a garinsu hotonsa ake kafawa a bakin tafki don yara su yi nesa. Da zai koma gida ya bar masa littafin.

Littafin ya daɗe a akwati. Sai wata shekara aka nemi wani yaro ɗan shekara uku a layinmu aka rasa. Ashe motar ruwa ta zo ta juye, aka manta murfin hazzan a buɗe. Maigandi aka kira. Shi ya sauka, shi ya miƙo gawar yaron ga mahaifinsa. Kwana uku bai fita aiki ba. A na huɗu ya sayi fenti.

Tun daga ranar, duk hazzan da ya wanke sai ya zana kappa a murfinsa, ya tara yaran gidan ya ba su labarin. Da Hausa yake bayarwa, su yi ta tambaya da Larabci, ya amsa da Hausa.

Malam Abdussamad, wanda ke karantar da yaran unguwa, ya taɓa tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Maigandi, hoton mai rai kake zana wa mutane, kana kuma cusa wa yara camfin wasu."

Baba ya ce, "Allah gafarta malam, ban taɓa ce musu gaskiya ne ba. Da ga ta nan ga ta nanku nake farawa. Mu ma iyayenmu da 'yan ruwa suka hana mu kogi. Amma batun hoto na ji."

Daga nan ya daina zana fuska. Ƙoƙon bayan kappa da hannunsa ɗaya kawai yake zanawa. Bayan wata guda Malam da kansa ya aika a kira shi ya zana a gidansa.

Na ga amfanin abin da idona. Wata la'asar ina girki, sai ga 'yata Sundus, tana da shekara biyar a lokacin, ta shigo tana jan ƙanenta Suhaib ta wuyan riga, yana ta kuka. Ta ce, "Ummi, babul kappa maftuh! Ƙofarsa a buɗe, Suhaib yana leƙawa!" Na fita da gudu. Direban motar ruwa ya tafi bai rufe ba, ga takalmin Suhaib ɗaya yana yawo a kan ruwan. Na rufe murfin, na zauna a kai.

Baba Maigandi, kai ne mai shiga ramin da masu gida ke ƙyamar leƙawa. Kai ka ɗauko tatsuniyar mutanen da ba ka taɓa zuwa ƙasarsu ba, ka sa ta gadin 'ya'yanmu. Ba wanda ya san adadin yaran da ka tsare, don wanda bai faɗa ba ba a ba da labarinsa.

A watan jiya likita ya hana shi sauka saboda ƙirjinsa. Da muka je gaishe shi, na fara yi masa godiya, ya katse ni.

"Ke dai, 'yata, kin sa wa murfin naku kwaɗo kin kulle?"

Na ce ban sa ba tukuna. Ya ce to in ajiye godiyar sai na sa.

Na sa, Baba, ga godiyar. Allah Ya ba ka lafiya, Ya shayar da kai daga Alkausara. Ku kuma maƙwabta, kowa yana da wata 'yar hikima da ya tsinta a wani wuri ya jefa a akwati. Ku fito da ita. Akwai ɗan wani da ke buƙatarta yau.