Baba Gwangwani da Farin Fentinsa

Ƙarfe shida da rabi na safe motar farko ke sauke shi a bakin gandun dajin da ke bayan gari. Kafin ya buɗe ƙofa sai ya zagaya bayan rumfarsa ya murɗa famfo ya ga ko akwai ruwa, don a cewarsa mai tafiyar ƙafa a lokacin zafi zai yafe maka komai ban da busasshen famfo. Daga nan ya kakkaɓe benci, ya rataya adda a kugu, ya soke burushi biyu a aljihun riga, ya ɗauki gwangwanin fenti biyu, ɗaya rawaya ɗaya fari, ya shige daji. Shekara ashirin da bakwai ke nan ba wanda ya taɓa ganin sa hannu rabbana. Shi ya sa sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Kowa Baba Gwangwani yake ce masa, har maiɗakinsa idan ta gaji da wanke fenti a wandonsa.

Aikinsa kula da hanyoyin da masu yawon ƙafa ke bi a cikin gandun. Guda huɗu ne: ta tudu, ta ƙorama, doguwa, da gajeruwa wadda masu goyo da masu ciwon ƙafa suka fi so. Da zarar zafi ya shigo, ranar Asabar sai ka rantse an kori mutanen gari ne daga gidajensu. Ga iyalai da robobin ruwa, ga masu kallon tsuntsaye da madubin hangen nesa a wuya, ga waɗanda likita ya tsorata da maganar hawan jini suka sayi sabon takalmi jiya-jiya. Duk inuwa suke nema. A lokacin ne kuma ganye ke haukan toho, reshen da ka sare yau kafin mako ya zagayo ya aiko ƙanensa ya rufe alama. Don haka kullum Baba yana ciki, yana sara yana shafa.

Takardar ofis ta ce a yi alama a jikin bishiya daidai idon mutum. Yana yi, ba ya musu, rawaya ce kuma tana fuskantar mai shiga. Amma ya ƙara da tasa wadda ba wanda ya sa shi. A bayan kowace bishiya, can ƙasa daidai gwiwa, sai ya durƙusa ya shafa farin fenti kamar faɗin tafin hannu, yana fuskantar mai dawowa. Duk inda kake a cikin gandun nan, in ka bi fari zai kai ka ƙofa.

Ya sha tsiya a kan wannan farin. Wani shugabansa na da ya taɓa tambayar sa ko kunkuru yake yi wa alama. Abokan aiki suka ce wahalar da kai ce kawai, tsoho ya rasa abin yi da gwiwarsa. Baba ya yi kunnen uwar shegu da su. In an matsa masa sai ya ce mai shiga daji kansa a sama yake, yana kallon tsuntsu yana ɗaukar hoto, amma ka tare shi ƙarfe biyu na rana, ruwansa ya ƙare, takalmi ya cije shi, ka ga inda idonsa yake. "Mai gajiya ba ya ɗaga kai," in ji shi, sai ya ci gaba da shafarsa.

Yana kuma da wata magana da yake yi wa duk wanda ya zo shiga, ko da sau ɗari ka taɓa zuwa: "Rawaya shiga, fari gida. In ba ka hango farin gaba ba, kada ka bar wanda ke kusa da kai." Mu da muke zuwa duk mako har kwaikwayonsa muke yi da muryarsa, muna riga shi ƙarasawa. Ko gezau, gobe ma sai ya maimaita. Allah Ya yafe mana dariyar da muka yi.

Cikin masu zuwa akwai wata ma'aikaciyar asibiti da muke kira Nas, tare da mahaifinta, tsohon tela ne. Shekara arba'in a kan keken ɗinki ta lanƙwasa masa baya, har ya zama ƙasa kawai yake kallo in yana tafiya. Ga ciwon sukari, sannan mantuwa ta fara cin sa. Yakan manta ya karya, yakan kira 'yarsa da sunan mahaifiyarta da ta rasu. Amma in aka kawo shi daji sai ya sake, har ya riƙa faɗin irin yadin da launin wani ganye ya tuna masa. Saboda haka duk Asabar ɗin da ba ta da aiki sai ta riƙo hannunsa su zo. Baba Gwangwani kuwa bai taɓa tsallake tsohon ya yi wa 'yar magana ba. Sai ya sunkuya daidai fuskarsa ya ce, "Yaya, rawaya shiga," shi kuma tsohon ya amsa, "Fari gida."

Bara, tsakiyar zafi, aka yi iska mai ƙarfi ranar Alhamis. Wata ƙatuwar bishiya ta faɗi a hanyar ƙorama, ta tafi da wasu biyu masu alama. Ranar Juma'a Baba ya wuni yana sarar rassa har ya buɗe hanya, ya shafa rawaya a sababbin wurare. Da ya zo shafa fari sai gwiwar dama ta ƙi lanƙwasuwa, ta kumbura suntum. Ya tsaya ya kalli wurin, taku arba'in ne kacal babu fari. Ya ce a ransa Litinin ma rana ce, ya ɗauki gwangwaninsa ya tafi gida.

Ranar Asabar wajen sha biyu da rabi Nas da mahaifinta suna hutawa a filin benci da ke kan tudu, sai aka kira ta daga asibiti. Waya ba ta kamawa sosai a wurin, ta ɗan matsa bayan wani dutse. Ta ce ko minti biyar ba ta yi ba. Da ta juyo, ga hularsa a kan benci, ga robar ruwa a hannunta ita, shi kuwa babu shi. Ta yi kira har muryarta ta dushe, ta leƙa nan ta leƙa can, sannan ta biyo gajeruwar hanya da gudu. Ta iso ƙofa ba ta ko iya haɗa magana. Ita da kanta ta fi kowa sanin abin da rana irin wannan ke yi wa mai sukari da ba shi da ruwa, kuma sanin ne ya fi tayar mata da hankali.

Nan take mutane suka taru, kowa da shawararsa. Yawanci suka ce a nufi tafkin da ke cikin gandun, don can ne abin tsoro yake. Baba kuwa ya tambayi Nas a wane benci suka zauna. Da ta faɗa, waɗanda ke kusa suka ga fuskarsa ta canja. Daga filin nan hanya biyu ce ke komawa ƙofa. Da tsohon ya bi gajeruwa, da 'yarsa ta tarar da shi a hanya. Saura ta ƙorama ke nan, inda shi da hannunsa ya bar giɓi. Kuma daidai giɓin akwai wata 'yar hanyar dabbobi da ke gangarawa zuwa gaɓa mai zurfi, ta fi hanyar gaske kyau a ido.

Ya tura mutum biyu tafki don hankalin jama'a ya kwanta. Ya cika roba biyu a famfo, ya ɗauki gwangwanin fari, ya ce wa Nas ta biyo shi. Wani direban bas da ya bi su ya ce bai taɓa ganin mai ɗingishi yana irin wannan sauri ba, shi mai ƙafa biyu lafiyayyu sai da ya riƙa haɗawa da sassarfa. Tun daga ƙofa har suka ƙetare wata gadar katako gumi kawai ke zuba daga haɓar Baba.

Suna zagaye tushen bishiyar da ta faɗi suka ga tsohon. Yana zaune a gindin wata bishiya, ya cire takalmi ɗaya, leɓensa ya bushe ya yi fari, tafin hannunsa a kan alamar ƙarshe kamar wanda aka ba ajiya. Tsakaninsa da hanyar gaɓa bai fi taku goma ba. Nas ta zube a gabansa tana kuka tana ɗura masa ruwa, ta laluba jakarta ta sa masa alawa a baki. Da ya ɗan dawo hayyacinsa bai dube ta ba, Baba ya duba, ya ce cikin muryar mai kawo ƙara:

"Fari ya ƙare. An ce in ya ƙare in tsaya."

Baba Gwangwani ya juya baya ya daɗe yana gyara murfin gwangwani da ba abin da ya same shi. Sannan ya faɗa wa Nas gaskiya a gaban direban, cewa giɓin nan nasa ne, jiya ya gan shi ya bar shi, ta yafe masa. Ta ce ita ba ta ga abin yafewa ba, alama ɗari nawa ya shafa kafin ya bar guda uku, kuma maganar da ta zaunar da mahaifinta daga bakin wa ta fito? Baba bai karɓi wannan ba. Ya ce su yi gaba da tsohon, zai biyo su. Direban ya waiga ya gan shi ya dafa kututture ya durƙusa a kan gwiwar nan mai kumburi, har ƙararta ya ji. Baba bai tashi daga wurin ba sai da fari ya haɗu da fari, inda babu bishiya ya shafa wa dutse.

Baba, kai ne ka ƙi yi wa mai ƙarfi kaɗai aiki. Kai ne ka tuna da mutum a lokacin da ya fi muni, ya gaji, ya ji ƙishi, ya rasa gabas da yamma. Likita ya ce gwiwoyinka sun cinye, mu kuwa mun san inda suka tafi, suna nan a gindin bishiyoyin gandun nan ɗaya bayan ɗaya. Mun yi ta wucewa muna taka inuwar aikinka ba mu ce sannu ba, kuma wallahi muna jin kunyar hakan. Yabon gwani ya zama dole, ko da an makara.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Wadda za ta gaje shi ta zo da taswira a cikin waya, mai ilimi ce kuma mai ladabi. Baba bai raina wayarta ba. Abin da ya yi kawai, ya kai ta ƙarshen doguwar hanya da tsakar rana, ya bari sai da ruwanta ya ƙare, sannan ya ce ta ja su zuwa gida. Da suka iso ƙofa ya tambaye ta sau nawa ta ga rawaya. Ta yi dariya ta ce ita ban da yatsun ƙafarta da farin fenti ba ta ga komai ba. Washegari ta zo da tsohon wando.

Asabar ɗin da ta wuce Nas ta kawo mahaifinta, a keken guragu yanzu, don ƙafa ta daina ɗaukar sa. Mantuwar ta yi nisa, ranar ko 'yarsa bai gane ba, yana ta tambayar ta yaushe za a kai shi wurin mutanensa. Baba ya fito daga rumfa ya tsaya a gabansa ya gaishe shi. Tsohon bai ɗaga kai ba. Idonsa ya sauka a gwiwar wandon Baba, inda farin fenti na shekara da shekaru ya bushe ya ƙi wankuwa. Ya miƙa hannu a hankali ya dafa wurin, fuskarsa ta saki, ya ce, "Gida." Mu da ke tsaye a wurin kowa ya nemi inda zai kai idonsa.

Mun gode, Baba Gwangwani. Allah Ya saka da alheri, Ya ba gwiwa sauƙi, Ya ba maiɗakinka hutun wanki. Ku kuma masu karatu, ko direba ne kai, ko malama ce ke, ko a bayan kanta kake tsayawa, a aikinka akwai wanda ke zuwa maka a gajiye, kansa a ƙasa. Ka duba inda idonsa ke sauka ka sa masa alama a wurin. In kuwa kana cikin masu shan inuwar gandun nan, mun yi magana da wadda za ta gaji Baba: Asabar ta farko a kowane wata, ƙarfe bakwai, a bakin rumfa. Fenti da burushi suna nan. Ka zo da gwiwarka kawai, ta Baba ta yi nata.